Rijiyar Yaya Garba

Ni ne na yi kuskure, ba Yaya Garba ba. Na fara da wannan ne don kada ajali ya tarar da ni a tsakiyar rubutu, maganar ta mutu a cikina. Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun tarar da wani loko a bayan masallacin tungarmu inda ake hana yara wasa, ana ce masa Ramin Garba, kuma kun ji ana raɗe-raɗin cewa wan ubanku matsafi ne, shi ya sa ya bar gari. Bai taɓa yin tsafi ba. Mai ginin rijiya ne, ba shi da wata sana'a sai ita, kuma bakina ne ya kore shi. Karatuna ba mai zurfi ba ne, ajamin nan ma da ƙyar nake jan sa, amma zan faɗa muku yadda abin ya faru, har da wuraren da ban gane ba har yau, kuma suna da yawa.

A shekarar da mahara suka matsa wa ƙauyukan da ke yamma da Birnin Gwari, muka bar gonakinmu na fili muka shigo daji, muka sauka a gindin dutsen nan da kuke gani, wajen Kutemeshi. Gidaje kaɗan ne, Hausawa da wasu Gwari da muka daɗe muna maƙwabtaka da su. Muka yi kafi da itace da ƙaya. Amma ruwa yana rafi, can waje, mata suna fita ɗiba suna waige-waige. Maigari ya ce lallai a gina rijiya a cikin kafi kafin bazara, kowa kuwa ya san wanda zai gina, domin rabin rijiyoyin da muka baro a baya hannun Yaya Garba ne. Limaminmu tsoho ne, ya ce ba zai iya zaman daji ba, ya koma Birni wurin 'ya'yansa. Sai aka duba aka ga ba wanda ya taɓa zama gaban malami a Zazzau sai ni, ni ɗin ma ban sauke ba. Aka tura ni gaba na ja salla. Daga ranar ni Jibo na zama Malam, na naɗa rawani, na fara tafiya a hankali ina kallon ƙasa kamar mai ɗauke da wani abu a ka.

Sai na gaya muku halin gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane nauyin abin da na yi ba. Yaya Garba shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Kun san kunyar ɗan fari, amma ta mutanen dā ta fi wadda kuke gani yanzu. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an zage shi a gabanta sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kaɗin audugarta. In tana son a kai masa fura, ni take kira.

"Jibo, ga wannan, ka kai wa mutumin ramin can. Kada ka ce ni na bayar."

Shi kuma in ya karɓa sai ya yi murmushi ya ce, "Ka gaya wa wadda ba ta bayar ba, tsamin ya yi daidai."

Haka suka rayu, ni ne hanyar da ke tsakaninsu.

Aka fara gini da kaka. Shi yana ciki da dagi, ni ina baki ina jan kwandon ƙasa da igiya daga hantsi zuwa azahar. Da farko ba wani abu, baƙar ƙasa ce da saiwoyi. Da ramin ya kai ƙirjinsa sai kwando ya fara fitowa da toka da gawayi da tsingaro, fasassun tukwane masu yawa. Wannan bai dami kowa ba, kufai ne, wasu sun taɓa zama a nan, daji cike yake da irinsu. Ƙasa da wannan sai kashin tama, baƙaƙen dunƙule masu nauyi irin waɗanda ke saura in an narka ƙarfe, da wasu tsingaro masu kauri. Daga nan jar ƙasa tsaftatacciya, ba ko ɗigon gawayi. Na ce to, mun wuce mutane, saura ruwa. Sai ga shi a ƙarƙashin jar ƙasar nan, inda ramin ya fi tsayin mutum biyu, tsingaro ya sake fitowa.

A nan aikin ya fara jan ƙafa. Yaya Garba ya daina zuba ƙasa a kwando kai tsaye, sai ya murza ta da yatsu tukun. In ya fito shan iska sai ya jera abin da ya samu a gindin wata ɗorawa da ke kusa, na sama a gefe guda, na tsakiya a gefe guda, na can ƙasa a ƙarshe, kamar mai baza haja a kasuwa. Wata rana ya aika aka kira Iya Tani, tsohuwar Bagwariya mai ginin tukwane, wadda duk tulun da ke tungar ita ta gina shi. Ta zo tana dogara sanda, ta tsuguna, ta ɗauki na sama ta shafa.

"Wannan namu ne. Kakata haka take murza igiya a wuyan tulu."

Ta ɗauki na tsakiya, ta juya shi, ta taɓe baki.

"Wannan ban san gidansu ba, amma dai mace ce mai hannu. Ta fi ni haƙuri."

Da ta ɗauki na ƙasa sai ta daɗe. Ta kankare shi da farce, ta sa a harshe, ta tofar.

"Garba, ina ka samo wannan?"

"A ƙasan jar ƙasa, Iya."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Wa zai shiga ƙasan jar ƙasa ya dafa tuwo?"

"Shi ne na kira ki ki gaya mini."

"Ni na haife su? Ka tambayi Malam, ga shi nan tsaye da rawani kamar tulun da ba a gasa ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta kai cikina ba. Domin gaskiya ni ma tambayar da nake yi ke nan. Mutane a ƙarƙashin mutane, su ma a ƙarƙashin wasu mutane. Wa ya rufe su? Yaushe ƙasa ta taru haka a kansu? Na laluba ɗan abin da na karanta kaf, ban ga inda aka ambaci gindin dutsen Kutemeshi ba.

Bayan 'yan kwanaki kwando ya fito da nauyi. Na zazzage shi sai ga gatarin aradu. Kun san shi, baƙin dutsen nan mai santsi, baki ɗaya faffaɗa mai kaifi, ɗaya siriri. Tun muna yara aka gaya mana aradu ce ke jefo shi daga sama, ya tsaga itace ko ya kashe mai rantsuwar ƙarya, ya nutse a ƙasa. Mutum kan yi rayuwarsa duka bai ga fiye da ɗaya ko biyu ba, su ma a jakar boka. Kwando na biyu ya fito da wasu. Na uku ma haka. Kafin la'asar an tara abin da zai cika ƙwarya, manya da ƙanana, ga kuma ɓarɓashin dutse mai kaifi ba iyaka, da wani faffaɗan dutse mai kwari a bayansa kamar inda aka daɗe ana goga abu. Ni na ja da baya daga tarin. Yaya Garba kuwa ya fito fuskarsa fes, kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Jibo, riƙe wannan. A'a, ba haka ba, juya shi. Ka ji yadda ya zauna a tafin hannu?"

"Yaya, ka ajiye abin nan."

"Dubi wannan kuma. Gefe ɗaya an goge shi sumul, ɗaya gefen ba a taɓa ba. Ba a gama shi ba. Kai da ka yi karatu, sama tana jefo abin da ba ta gama ba?"

"To wa ya yi shi?"

"Mutum, ina ji."

"Mutum ya bar ƙarfe ya sassaƙa dutse? Mahaukaci ne?"

"Wataƙila ba su da ƙarfen. Ka ga ai kashin tama a sama yake, su suna ƙasa."

"Akwai mutanen da ba su da ƙarfe? Da me suke noma? Da me suke yanka rago?"

Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma nan ne ya tsaya. Ya koma rami. Ni kuwa na kasa cin tuwo ranar. In aradu ce, me mutanen wurin nan suka yi har ta faɗo musu sau da yawa haka a wuri ɗaya? In kuma mutane ne suka sassaƙa, to abin da iyayenmu suka gaya mana fa? Kuma in wannan bai tabbata ba, sai me kuma? Duk inda na dafa sai in ji ya motsa.

Magana ta bazu a tunga. Mata suka daina bi ta gindin ɗorawar. Aka fara cewa Garba yana jera duwatsun aradu yana yi musu magana, alhali lissafin zurfi yake yi a bakinsa, halinsa ne tun dā. Wani ya tuno cewa masu aika wa mutum aradu da irin waɗannan duwatsu suke aiki. Sai kuma aka yi rashin sa'a, hadarin ƙarshen shekara ya taso ba lokacinsa ba, aka yi tsawa mai ƙarfi a kan dutse. Ba ta taɓa kowa ba, amma washegari Maigari ya ce bayan sallar la'asar a zauna a ƙofar masallaci a yanke magana. A ranar nan da hantsi kwandon da na ja ya fito da yashi mai danshi. Na matse shi a hannuna ya dunƙule. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ya san abin da wannan ke nufi.

Kafin in fita la'asar Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta dube ni ba, mazarinta take murzawa.

"Na ji za a yi zama a kan mutumin ramin can."

"Haka ne, Inna."

"Ka san ni ba ni da baki a kansa. Ko da za a yanka shi a gabana, ba zan iya cewa uffan ba. Kai ne bakina yau."

"To, Inna."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da ka sani game da shi za ka faɗa."

Na fita da niyyar yin haka, Allah shi ne shaida. Na san abin da zan ce: wana ne, tare muka tashi, ba ya barin salla, son sanin abu ne kawai ke damunsa, kuma ruwa ya kusa. Amma da aka zauna, Maigari bai tambaye ni halin Garba ba. Ya juyo, duk idanu suka juyo tare da shi, ya ce, "Malam, duwatsun nan mene ne su?"

Amsar gaskiya gajeriya ce, kuma kowane jahili zai iya ba da ita. Ni rawanina ya hana ni. Na ga in na ce abin ya fi ƙarfin sanina, gobe wa zai bi ni salla? Sai na gyara murya. Na ce akwai al'ummomin da suka saɓa wa Allah a zamanin dā aka halaka su da tsawa, na ambaci Adawa da Samudawa, na jawo ɗan abin da na haddace. Na ce alama ta nuna wannan wuri irin nasu ne, kuma ruwan da ya fito daga ƙarƙashin fushin Ubangiji ban ga yadda za a yi alwala da shi ba. Ina magana ina jin daɗin yadda take fita sumul, mutane suna gyaɗa kai. A karo na farko tun da aka fara tono duwatsun nan na ji ƙasa ta tsaya cik a ƙarƙashina, ba don na gane komai ba, sai don na ji kaina ina magana kamar wanda ya gane.

Sai wani daga baya ya ce, "To shi Garba me yake yi da su da yake jerawa?"

Yaya Garba yana zaune a gefe, jar ƙasa har gira. Ya dube ni. Ni kuwa na riga na hau dokin da ba zan iya sauka ba. Na ce, "Wannan sai ku tambaye shi."

Yaya Garba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Washegari aka yi gayya aka cike rijiyar. Aka zuba duwatsun da tsingaron duka a ciki, aka bi da ƙasa. Aikin da ya ci wata da watanni, kafin azahar an gama da shi. Iya Tani ce kaɗai ta tsaya tana faɗa, rabi da Hausa rabi da Gwaranci, tana cewa gobe in ƙishi ya kama mu mu sha rawanin Malam. Bayan haka ba wanda ya zagi Yaya Garba a fuska. Abin da aka yi ya fi zagi. In ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. In matarsa ta miƙa wa maƙwabciya ruwa sai a ce an ƙoshi. Mai ginin rijiyar da ake tsoron shan ruwan hannunsa, me ya rage masa? Kafin damina ya ɗaure kayansa, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya nufi wajen Dogon Dawa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa, ya yi sallama. Ta amsa daga ciki, ba ta fito ba, al'ada ba ta ba ta wannan ba. Da ya tafi na shiga na tarar ta juya fuska ga bango.

Ba ta taɓa tambayata abin da na faɗa a zaman nan ba. Ta ji, ai tunga ƙarama ce. Abu ɗaya ya canza: ta daina kiran sunana ni ma. Ta rayu shekaru bayan haka tana ce mini Malam, kamar kowa. Wani ya gina mana wata rijiyar a ɗaya gefen, mai ɗan gishiri, wadda ke ƙafewa kowace bazara, ita kuke sha har yau. Inna ta rasu ba ta sake ganin ɗanta ba. Na aika masa, saƙon ya same shi a makare.

Kada ku ɗauka daga baya na gano gaskiyar duwatsun. Na nema. Wata damina aradu ta tsaga wata kuka a gonata, na ɗauki dagi na tona gindinta har na gaji, ban sami komai ba sai saiwa da gara. Na ce to, Yaya ne ke da gaskiya. Ba a daɗe ba wani Bafulatani da ke kiwo a bayan dutse, mutum mai gaskiya wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ya nuna mini gatarin aradu ya rantse cewa a inda tsawa ta kashe masa saniya ya tsince shi. Na koma inda nake. Wata rana kuma a rafi na ga wasu kwari dogaye a jikin faffaɗan dutse, ba irin na niƙa ba, na sa hannu na shafa, na ji kamar wurin washi ne, amma wa ya yi washi a nan, kuma yaushe? Na tambayi malamai a Birni, waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Ɗaya ya ce aljannu, ɗaya ya ce mutanen kafin ruwan Annabi Nuhu, ɗaya ya yi dariya ya ce in je in nemi abin da zai amfane ni. Ga ni na tsufa, furfura har gira, in yau Maigari ya tashi daga kabari ya sake yi mini tambayar nan, ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da nake da shi a wancan yammaci. Abu ɗaya kawai ya fito mini fili da shekaru: ko aradu ce ko hannun mutum, babu abin da ya haɗa wannan da mutuncin wana.

Duk da haka na daɗe ban je ba. Kullum da dalili: damina ce, hanya ba lafiya, ƙafa tana ciwo. Sai da wani mai sayar da gishiri ya ce mini ya ga Garba ya rame ƙwarai, sannan na ɗaura wa jaki shimfiɗa. A hanya na shirya maganata tsaf. Na ce zan ja shi gefe, mu biyu, in faɗa masa a hankali yadda ba wanda zai ji, mu rabu da mutunci.

Na same shi a tsakar gida a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa, surukansa mata suna daka, jikoki suna ta guje-guje, wasu maƙwabta biyu suna zaune a inuwa. Ya ɗaga kai ya ƙura mini ido, ya daɗe, sannan ya washe baki, haƙori biyu suka rage masa.

"A'a! Malam ne da kansa? An zo duba mana ruwa ne, ko ya halatta?"

Na durƙusa a gabansa, na matso kusa, na faɗi abin da na shirya cikin raɗa.

"Me?" in ji shi.

Na maimaita, na ɗan ɗaga murya.

"Yana cewa me?" Ya juya wajen babbar surukarsa.

Ta ajiye taɓarya ta dube ni ta ce, "Baba, ai kunnensa ya tafi tun bara waccan. In ba ihu ka yi ba, ba zai ji ba."

Daka ta tsaya. Yara suka tsaya. Maƙwabtan nan suka gyara zama. Na duba ko akwai inda zan ja shi, na ga ko tashi ba ya iya yi sai an kama shi. Ya kafa tafin hannu a bayan kunne yana jira. Sai na cire rawanina na ajiye a ƙasa kusa da kwandon gyaɗa, na cika ƙirjina da iska kamar zan kira salla, na ɗaga murya yadda har na bayan danga suka ji.

"Yaya! Ni ne Jibo! Ƙarya na yi maka a gaban mutane! Inna ta aike ni in tsaya maka, na ci amanarta, na ci taka! Rijiyarka ba ta da laifi, kai ma ba ka da laifi! Don girman Allah, Yaya, ka yafe mini!"